Katin Kawu Marar Huda

Injin da na koyi yi wa magana, sau ɗaya na taɓa ganinsa, shi ma ta bayan gilashi. Yana Zariya, cikin wani ɗaki mai sanyi da ba a shiga da takalmi. Ni kuwa ina Makarfi, a wani ƙaramin ofishin binciken noma mai ɗaki biyu da rumfar kwano, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai. Yau kowa kwamfuta yake cewa. Mu a lokacin inji kawai muke ce masa, kamar na niƙa, duk da cewa shi lamba yake niƙawa.

Iyakar karatuna firamare. Da ita aka ɗauke ni aiki, aka ba ni keke, ina bin ƙauyuka ina tambayar magidanta abin da suka shuka da abin da suka kai gida, ina rubutawa. Aikin na wucin gadi ne. Ranar da binciken ya ƙare mu ma mun ƙare, kowa a ofishin ya san haka, ni dai ne kaɗai abin yake hana ni cin abinci.

Gara in faɗi halina tun yanzu, don shi ne rabin labarin. Ni mai wasiwasi ne tun ina yaro. Ina iya idar da alwala in tsaya ina tambayar kaina ko na shafi kunne, in sake daga farko. In kulle ofis, in hau keke har in kai bakin kasuwa, in juyo in zo in girgiza kwaɗon. Matata takan ce da a ce ana biyan mutum ladan komowa, da tuni mun yi rufin kwano. Ban taɓa jin daɗin halin ba. Ban kuma taɓa iya ajiye shi ba.

Mai kula da binciken wani malami ne da ya yi karatun lissafi mai zurfi. Duk ranar kasuwar Makarfi yake zuwa daga Zariya a motar ofis, ya karɓi takardunmu, ya koma da la'asar. Wata rana da kaka ta kusa, ya tara mu biyu a ƙarƙashin rumfa, ni da wani abokin aikina mutumin Ikara, wanda ya ɗan taɓa makarantar gaba da firamare kafin ya bari. Ya ce a Zariya ana neman mutum ɗaya da zai riƙa rubuta wa inji umarni, aiki na dindindin, da ɗakin kwana. Zai koya mana mu biyu. Bayan an gama girbi zai kai sunan ɗaya.

Mutumin Ikara ya tafa hannu ya ce, "To, mutumina, sai ka fara yi mini addu'a tun yanzu."

Ni kuwa matata tana da juna biyu a lokacin, kuma ba ni da gonar kaina ko ta taki goma.

Koyon ba irin na yanzu ba ne da mutum yake zaune gaban abin yana latsawa yana ganin amsa. Takarda ake ba mu mai ƙananan gidaje kamar na dara, kowane gida harafi ɗaya ko lamba ɗaya. A nan muke jera umarnin layi bayan layi: karanta kati, ɗauki lambar da ke gurbi kaza, haɗa ta da ta baya, koma ka ɗauko wani katin. Jerin gaba ɗaya shi malamin yake kira furogiram. Direba ya kai takardar Zariya, masu huda su mayar da ita kati, wato wani kwali mai ɗan tauri da ake yi wa ƙananan ramuka, ramin shi ne rubutun da inji yake iya karantawa. Sai kasuwa ta zagayo amsa take dawowa a doguwar takarda. In ka yi kuskuren ɗigo ɗaya, ka ci mako guda kana jiran a gaya maka.

Wannan ya dace da ni, ko kuma haka na zata. Mutumin Ikara yakan cika takardarsa kafin shayinsa ya huce, ta dawo da kuskure, ya yi dariya ya gyara. Tawa ba ta dawowa da kuskure, don nakan bi kowane gida da bakin fensir har takardar ta yi laushi. Malamin ya taɓa ɗaga takardata ya ce, "Kai hannunka mai tsabta ne." Na kai maganar nan gida, na faɗa wa matata, na sake faɗa mata da safe.

Da aka gama yankan dawa, ya ba mu aikin gwaji. Katunan gidajen Dandamisa ne, kowane gida kati ɗaya, da lambar gidan da yawan damin dawar da ya samu. Kowa ya rubuta furogiram da zai sa inji ya karanta su duka, ya fitar da abin da gida ɗaya yake samu a kowace unguwa in an raba daidai. Wanda nasa ya yi aiki, shi ke nan.

Dandamisa garinmu ne. Ni na bi gidajen nan da kaina na yi tambayar, don haka na san abin da ke cikin katunan, na kuma san abin da babu. Akwai gidajen da na bar gurbin dami wayam, saboda ba a ba ni amsa ba. Wani na tarar ya tafi fatauci. Wani ya ce sai ya yi tunani. Wani kuma ya dube ni kawai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in inji ya zo gurbin da ba a huda komai ba, me zai yi?"

Ya ce, "Sifiri zai ɗauka. Shi bai san shiru ba. In bai ga rami ba, a wurinsa babu dami ko ɗaya."

"Amma ai ba haka ba ne."

"Na sani. Shi ya sa kai ne za ka gaya masa abin da zai yi tun kafin ya fara. Ko ka bar shi ya ƙirga sifirin, ko ka ce ya tsallake katin, ko ka ce ya tsaya ya yi ƙorafi. Zaɓi ɗaya, amma ka san abin da ka zaɓa."

Mutumin Ikara ya zungure ni da gwiwar hannu. "Sarkin wasiwasi ya samu sabuwar rijiya. Allah ya fito da kai lafiya."

Na yi ta juya hanyoyin nan uku. Ta farko ƙarya ce tsagwaronta, don na san wasu daga cikin masu shirun rumbunansu sun fi na kowa cika. Ta biyu kuwa, a tsallake mutum kamar ba ya garin? A yadda aka rene ni, in ka yi wa babba tambaya ya yi shiru, ba ka tashi ka kaɗe riga ka shiga gida na gaba. Zama kake yi a zaure ka jira. Saboda haka na koya wa inji ladabi. Na rubuta masa cewa in ya tarar da sifiri a gurbin dami, ya buga lambar gidan, ya ce wannan gida bai amsa ba, ya tsaya.

Kasuwa ta zagayo. Takardar mutumin Ikara ta dawo cike da lambobi, unguwa bayan unguwa. Malamin ya duba ya ce, "Ka bar shiru ya zama sifiri, zai ɗan ja lissafin ƙasa. Amma ya yi aiki. Wannan abin gyarawa ne daga baya." Sannan ya warware tawa. Doguwar takarda ce fara fat, sai layi ɗaya a can sama. Inji ya karanta katuna kaɗan, ya iso gidan da bai amsa ba, ya tsaya kamar yadda na ce masa. Yana nan tsaye a zauren, sauran garin duk bai gan su ba.

Mutumin Ikara ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi injin naka ɗan gidan mutunci ne. An ba shi tabarma kuwa?"

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya tsaya yana jiran wa? Kai kana Makarfi, shi yana Zariya. Babu wanda zai zo ya ba shi amsa."

Na dubi lambar gidan da ke kan takardar. Ba sai na buɗe komai ba, na san gidan. Gidan kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kuma kai ni makaranta lokacin da maƙwabta suke ɓoye nasu 'ya'yan.

Abin da na yi bayan nan, wanda ya tashi a birni ba zai yi shi ba. Maimakon in zauna in gyara umarnin, sai na ga ai matsalar ba ta inji ba ce, ta gurbin ce. In babu gurbi wayam, babu abin da zai tsayar da shi. Don haka na hau keke na nufi Dandamisa in cike guraben da ƙafata.

Yawancinsu ba su ba ni wahala ba. Mai fatauci ya dawo, ya faɗa. Mai tunani ya gama tunaninsa. Wani dattijo ya sa na rantse ba masu haraji ne suka aiko ni ba, sannan ya raɗa mini a kunne. Kafin rana ta yi tsaka saura gida ɗaya.

Na tarar da Kawu a bayan gida yana ɗaure wa rumbu sabuwar jinka, bakinsa da igiyar rama. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai ɗakina da jikinta, ya tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai sani ba. Na riƙe masa tsani. Sai da ya sauko ya wanke hannu na kawo maganar.

"Kawu, batun dawar nan ne."

"Wace dawa?"

"Tambayar da na yi maka kwanaki. Dami nawa aka samu bana."

"Ai na ba ka amsa."

"Kawu, alhamdulillahi ka ce."

"To ƙarya na yi?"

"A'a. Amma injin ba ya karɓar wannan. Lamba yake so."

Ya gyara zama a kan turmin da aka kifar. "Injin nan shi ya yi mini huɗa? Shi ya kori tsuntsu? Shi kansa dami nawa ya samu bana? Je ka tambayo shi. In ya faɗi nasa, ni ma sai in duba."

Na yi masa bayani tun daga farko. Na gaya masa batun aikin Zariya, da mutumin Ikara, da cewa mutum ɗaya za a ɗauka. Na gaya masa duk garin sun faɗa, saura shi. Ya saurara sosai, bai katse ni ba, har na fara sa rai.

Ya ce, "Duk garin sun faɗa maka wani abu dai. Ko ka shiga rumbunansu ka gani?"

Wannan maganar ta soke ni, don ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma daga ranar ta zauna. Amma na daure na ce, "Kawu, ai ka ƙirga. Da za ka fitar da zakka dole ka ƙirga."

"Na ƙirga mana. Wanda na ƙirga dominsa ya riga ya sani, bai kuma ce in aika Zariya ba." Ya nuna rumbun da haɓa. "Ubana bai taɓa faɗin abin da ke cikin nasa ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba. Innarka da muke tare tun kafin a haife ka ba ta taɓa leƙa wannan ba. Abinci in aka bi shi da baki, albarkarsa guduwa take yi. Ka ci daga ciki shekara da shekaru ba ka tambaya ba, sai yau da aka ba ka keke?"

Na sunkuyar da kai. Ina jin hawaye yana neman zuwa, ga ni magidanci.

Da ya ga haka sai ya sassauta murya. "Kai ɗan nan, ka cika ɗora wa kanka kaya. Rubuta abin da ka ga dama. Rubuta goma, rubuta ɗari. Ni na yafe maka duniya da lahira. Wa zai zo ya kwance mini jinka ya duba?"

Ya ɗauka taimakona ya yi. Da ya san ni kamar yadda yake zato, da ya san ya rufe mini ƙofa ta ƙarshe ne. Lambar da ban ji daga bakin mai ita ba, hannuna ba zai rubuta ta ba. Na gwada a hanya, na tsaya gindin wata tsamiya na fito da fensir. Na san girman rumbun, na san gonar, ina iya kintata abin da ba zai yi nisa da gaskiya ba. Fensirin ya taɓa takarda, na ɗaga shi.

Har wata dabara ta zo mini. Limamin unguwar ne yake karɓar zakkar Kawu ya raba. In na san dami nawa aka kai masa, sai in ninka goma. Na je har ƙofar zaurensa, na yi sallama, muka gaisa, ya sa mini albarka. Ya ce, "Da magana ne?" Na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Leƙen rumbun Kawu ta bayan gida ne, ko da wace ƙofa aka shiga.

Da na koma ofis mutumin Ikara ya ce, "Yaya, tsohon ya faɗa?" Na girgiza kai. Ya ce, "Kai, sa masa hamsin mana! Ni da kawuna ne, da har jaki zan ƙara masa."

Dole na koma kan umarnin. Na gyara shi: in inji ya ga sifiri, ya rubuta cewa gidan bai amsa ba, ya cire shi daga rabon, ya wuce gaba. Ban so ba, amma aƙalla sunan gidan zai fito, ba za a ce babu shi ba. Aka sake huda katunan waɗanda suka ba ni amsa, mota ta tafi da komai.

Wannan karon takardar ta dawo cike. Unguwa bayan unguwa, lambobi a jere. Malamin ya gyaɗa kai. A ƙasa inda inji ya lissafa waɗanda ba su amsa ba, na sa ran ganin gida ɗaya. Sai na ga biyu.

Na biyun wani bawan Allah ne da gonarsa take bakin fadama. Ruwa ya kwanta mata a tsakiyar damina, dawar ta ruɓe a tsaye. Ranar da na je tambayarsa akwai mutane a ƙofar gidansa, na so in dawo wani lokaci, ya ce in tsaya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Rubuta babu. Ko zangarniya ɗaya ban kai gida ba." Na san abin da faɗin wannan ya ci masa a gaban maƙwabta. Shi ya amsa, amsa mafi nauyi a garin. Ga shi injina ya ce bai amsa ba, ya kuma cire shi daga lissafi, don a wurin inji sifirin gaskiya da gurbi wayam duk abu ɗaya ne.

Na nuna wa malamin. Ya ce, "Haka ne. Amma wannan ya isa. Gida ɗaya ne. Bar mini shi haka, zan karɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ya amsa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan. Ya ce, "To ga yadda ake yi. Duk gidan da bai amsa ba, kada a bar gurbin wayam. A huda masa tara uku a jere. Babu mai samun dami ɗari tara da casa'in da tara, don haka sai ka ce wa inji in ya ga wannan lambar, shiru ke nan, in ya ga sifiri kuwa, sifiri ne. Layi biyu za ka canja. Amma ka ji ni da kyau. Kasuwa mai zuwa zan zo da sunan da na zaɓa a rubuce. Wanda ka janye ba na lissafa shi. In kana son sabon ya shiga, ka ba direba yau kafin mu tashi."

Na janye wanda ya ce zai karɓa. Da hannuna na zare shi daga gabansa.

Layi biyun ba su ɗauke ni komai ba, kafin azahar na gama. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardar da za a huda wa Kawu sabon kati. Na rubuta lambar gidansa, na zo gurbin dami, zan sa tara uku. Sai na ga katin a raina yana yawo. Ni na san ma'anar lambar, malamin ya sani, inji ya sani. Wanda zai tsinci katin bayan shekara biyu fa? In ya faɗa hannun masu haraji, suka ga gida kaza a Dandamisa da dami kusan dubu? Na ga dogarai a ƙofar gidan Kawu. Na ga ana kwance jinkar da na riƙe masa tsani ya ɗaura. Mutumin da ya ƙi faɗin gaskiyar abin da ya samu, ni kuma in rubuta masa abin da ko hakimi bai samu ba.

Na je na tambayi malamin inda ake ajiye katunan bayan an gama. Ya ce a kwali, a sito. Na ce wa yake riƙe da makullin? Ya ce, "Kai, don Allah." Na koma na zauna. Na rubuta taran farko, na goge. Na fita na yi alwala, na sake ta, na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba.

Direba ya danna ham. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in akwai saƙo a kawo, sai mun biya ta Kudan, ba na son magariba ta same ni a hanya."

Na ce, "Yanzu, yanzu."

Na rubuta tara ukun. Sannan na ce bari in bi layi biyun nan sau ɗaya tak, kada a je a dawo da farar takarda irin ta farko. Na bi su. Na ga kamar wani harafi bai zauna daidai cikin gidansa ba, na goge na sake. Ina cikin hura garin robar gogewa na ji motar ta tashi. Mutumin Ikara, Allah ya saka masa, ya fita da gudu yana kira, amma hayaniyar 'yan kasuwa masu watsewa ta shanye muryarsa. Na hau keke na bi su har inda hanya ta rabu. Ban ga ko bayan motar ba. Masu huda kuwa ba sa karɓar takarda sai daga hannun direban ofis.

Da kasuwa ta zagayo malamin ya zo da sunan. Bai ja magana ba. Ya ce mutumin Ikara zai fara aiki farkon wata. Ya karɓi takardata duk da haka, ya ce zai sa a gwada. Ta dawo daidai. Unguwanni duk sun fito, mai gonar fadama yana ciki da sifirinsa na gaskiya, a ƙasa kuma gida ɗaya tak da bai amsa ba. Malamin ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wannan ya fi kyau." Ya naɗe ta ya miƙo mini, don ba ta da sauran amfani a wurinsa. Lissafin da ya shiga rahoto na mutumin Ikara ne, inda Kawu da sauran masu shiru suke zaune a matsayin waɗanda ba su girbe komai ba. Babu wanda ya taɓa zuwa ya yi tambaya a kai. Babu abin da ya faru da kowa saboda shi. Na daɗe ina jiran wani abu ya faru, Allah ya yafe mini, bai faru ba.

Ranar da mutumin Ikara zai tafi ya rungume ni ya ce, "Mutumina, in na zauna da gindina zan aiko a ɗauke ka." Na san har zuciyarsa ya faɗa. Bai aiko ba.

Binciken ya ƙare da bazara, aka karɓi keken. Daga baya na yi awon auduga, na yi tsaron shagon wani, na yi abin da ya samu. Yanzu in ana cika wani abu a waya aka tsallake gurbi, sai ta yi ja ta ƙi wucewa, ta tsaya tana jira sai an ba ta amsa. Mutane suna tsaki. Ni nakan karɓa in duba, in ga wani ya koya mata zaman zaure, shi kuma an biya shi.

Farkon daminar shekarar da aka karɓi keken, matata ta haihu, babu aiki, abin da ke cikin buhu ya kusa ƙarewa. Ban aika wa kowa ba. Wata safiya na ji kukan jaki a ƙofar gida. Kawu ne da kansa, ya taso tun daga Dandamisa da jakuna ɗauke da dawa. Muka gaisa, ya ga jaririya ya yi mata addu'a, ya ce in kama masa mu sauke.

Muna saukewa yana kallona. Ban san leɓena yana motsi da ƙidaya ba sai da ya daka mini tsawa.

"Rufe bakin nan! Har yanzu ba ka daddara ba?"

Na rufe. Muka shigar da sauran. Da zai tafi ya ce, "Na ji aikin bai samu ba. Ba rabonka ba ne." Na ce haka ne, Kawu. Na raka shi har bakin hanya, na yi masa godiya irin wadda ta kamata, na durƙusa har ƙasa.

Dawar nan ita ta kai mu kaka. Mai kyau ce, farfara, tuwonta yana kwana bai saki ba. Matata tana ci tana sa masa albarka. Ni ma ina ci, don dole. Amma duk lomar da na kai baki sai na tuna cewa kalma ɗaya na roƙe shi, ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗauro jakuna ya yi tafiyar rabin yini da ya faɗe ta. Har ya rasu bai faɗa ba, ni kuma ban sake tambaya ba.